Muhawara: Tafiyar kwana huɗu a kan keke don tara wa asibiti tallafi, ko a miƙa kuɗin kai tsaye?

Nasiru A.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi rajistar shiga wata tafiyar keke ta kwana huɗu da ake shiryawa don tara wa wani asibitin yara masu cutar daji kuɗi. Kullum za a ci sama da kilomita 100, a kwana a masauki, gari ya waye a sake ɗaukar hanya. Saura wata uku. Ina hawan keke, amma in na yi doguwar tafiya yau sai in huta gobe, ban saba jera kwanaki ba. Abu biyu ke damuna. Na farko shi ne yadda zan shirya jikina. Na biyun ya fi tsaya mini a rai: yayana ya ce da na haɗa kuɗin rajista da na gyaran keke da na kaya na miƙa wa asibitin kai tsaye, da ya fi wa yaran amfani. Na rasa amsar da zan ba shi. Waɗanda suka san harkar, don Allah ku gaya mini gaskiya.

Malam Isyaku

Wa alaikumus salam. Ni ina bayan yayanka, kuma ba don in karya maka gwiwa ba. Ka zauna ka lissafa abin da irin wannan tafiya ke ci: masauki na darare, abincin mutane masu yawa sau uku a rana ban da na tasha, motocin rakiya da mansu, bakanike, ma'aikatan lafiya, inshora, riguna masu tambari. Wa ke biyan wannan duka? In daga gudummawar jama'a ake cira, to wanda ya ba ka kuɗinsa yana zaton magani ya saya wa yaro, alhali wani sashe ya tafi wajen biya maka ɗakin kwana. Kafin a zo maganar motsa jiki, wannan ya kamata a fara warwarewa.

Hajiya Rabi

Malam Isyaku, tambayarka tana kan hanya, kuma tana da amsa. Na daɗe ina aikin tara tallafi. Tsari biyu ake bi. Akwai wanda mahayi ke biyan duk kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa, duk abin da jama'a suka bayar ya tafi wa ƙungiyar agaji. Akwai kuma wanda ake ɗora wa mahayi mafi ƙarancin abin da zai tara, sai a cire kuɗin hidimar tafiyarsa daga ciki. A Birtaniya, inda tafiyar Landan zuwa Paris ta shahara, kusan mil 300 a kwana huɗu, masu shiryawa da dama sukan ajiye wa mutum zaɓin biyun ya ɗauki ɗaya. Na biyun ba laifi ba ne in an gaya wa mai bayarwa. Ɓoyewar ita ce laifin.

Nasiru ƙanena, ka rubuta wa masu shiryawar ka tambaye su kai tsaye: a cikin abin da zan tara, kashi nawa ne zai isa asibiti? Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan tambaya, lissafin yana hannunsu.

Game da maganar yayanka kuwa, ga inda nake ganin ta gaza. Yana auna kuɗinka kai kaɗai. Amma mahayi ba kuɗinsa kawai yake kawowa ba, kuɗin abokan aikinsa da surukansa da tsoffin abokan karatunsa yake jawowa, mutanen da ba su taɓa jin sunan asibitin ba. Ku dubi tafiyar keke ta Pan-Mass Challenge a jihar Massachusetts ta Amurka. Wani mutum mai suna Billy Starr ya fara ta a 1980 bayan cutar daji ta ɗauke mahaifiyarsa. Mahaya 36 ne suka fita a shekarar farko, suka tara dala 10,200. A 2024 jimillar abin da suka ba cibiyar kula da cutar daji ta Dana-Farber ta haura dala biliyan 1. Tun 2007 duk dalar da mahayi ya tara tana zuwa cibiyar ne cif-cif, domin kuɗin rajista da kamfanoni masu ɗaukar nauyi ke biyan hidima. Da kowane mahayi ya zauna a gida ya aika da kuɗin rajistarsa kawai, da ba a kai ko kusa da haka ba.

Malam Isyaku

Hajiya, kin kawo wadda ta fi kowacce kyau. Bari in kawo ɗaya gefen. A Amurkan dai, a shekarun 1990, wani kamfani mai suna Pallotta TeamWorks ya riƙa shirya manyan tafiye-tafiyen keke don masu cutar ƙanjamau. An tara kuɗi masu yawa, ba musu, amma an yi ta sukarsa cewa a wasu tafiye-tafiyen hidima ta cinye kaso mai tsoka, kuma a 2002 kamfanin ya rufe. Ita ma AIDS/LifeCycle, wata tafiyar keke don masu cutar ƙanjamau mai tashi daga San Faransisko zuwa Los Anjeles, mil 545 a kwana bakwai, ta yi tafiyarta ta ƙarshe a watan Yuni na 2025. Dalilin da suka bayar shi ne tsadar shiryawa ta ƙaru, mahaya kuma sun ragu. Wato ko masu abin sun yarda akwai lokacin da lissafin ba ya fita.

Hajiya Rabi

Haka ne. Ni kuma a wurina wannan abin yabo ne gare su, da suka ga hidima na neman cin rabon marasa lafiya suka tsaya. Ban ce kowace tafiya ta cancanci a shiga ba. Na ce a tambaya kafin a shiga.

Baba Ɗanjuma

Ku bar ni in koma kan tambayar yaron ta farko, don ina ganin za ku manta da ita. Nasiru, ɗana, ka saurara. Ranar farko ba ta nuna komai. Jama'a na tafi, ƙafa sabuwa, kowa na jin ƙarfi, har wanda bai shirya ba sai ya gama ta. A nan ne ma mutane ke cutar kansu, su bi masu gudu su ƙone ƙarfin da za su nema jibi. Abin da za ka shirya masa shi ne safiyar rana ta uku. Za ka tashi cinyoyi sun yi nauyi, wuya ya sage, ka ɗora jikinka a kan sirdi ka ji kamar ka sauka nan take. Mintuna ashirin na farko su ne masu ɗaci. In ka yi haƙuri ka juya feda a giya mai sauƙi, jini zai zaga, zafin ya lafa, ka ga kana tafiya. Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan a gida ba shi ne ke zaton ya gama yawo, ya nemi mota.

Don haka atisayenka ya zama na jere. A ƙarshen mako ka yi doguwar tafiya yau, gobe ka sake fita ko da ba ta kai ta jiya ba. A tsakiyar mako ka yi gajeru guda biyu, ɗaya ka nemi wurin hawa. Ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, bayan kowane mako uku ka sassauta na mako guda jiki ya huta. Kafin tafiyar da kamar mako uku, ka gwada jera kwana uku. Makon ƙarshe kuma ka rage sosai. Ƙarfin da ba ka tara a wata uku ba, ba za ka tara shi a kwana biyar ba, sai dai ka je a gajiye.

Gudu kuma, ka riƙe wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashinka ya yanke ba. In magana ta gagare ka, ka wuce ƙa'ida.

Nasiru A.

Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. To batun ci fa? Ni in ina kan keke ba na jin yunwa sam.

Dakta Zainab

Rashin jin yunwar nan shi ke kayar da mutane. Jiki na ajiye sikari a tsoka da hanta, kusan giram 400 zuwa 500 a babban mutum. In ana aiki da ƙarfi, wannan ajiya ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ta ƙare, mutum sai ya ji kamar motar da mai ya ƙare mata a tsakiyar hawa: ƙafa ta ƙi juyawa, kai ya yi jiri, hannu na rawa, wani har fushi yake yi ba dalili. Abin da masana abincin 'yan wasa ke ba da shawara shi ne giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sikari a kowace awa, in tafiyar ta yi tsawo sosai har zuwa 90 ga wanda cikinsa ya saba. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana da kamar giram 25. Ka fara ci tun awar farko, kaɗan-kaɗan, duk minti ashirin ko talatin. A tafiyar kwanaki, abin da ka ci yau da rana har gobe yake yi wa aiki.

Ruwa kuma, kusan rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, gwargwadon zafi da yawan zufarka. Amma kada a ɗauka yawan shan ruwa ba shi da illa. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla awanni yana zubar da gishiri ta zufa, gishirin jininsa na iya faɗuwa, ya kawo ciwon kai, amai, ruɗewa, har ya kai ga asibiti. Shi ya sa ake sa sinadarin gishiri a gora ɗaya, ko a ci abu mai gishiri a tasha.

Abu biyu da nake roƙon kowa ya riƙe. Kada ka riƙa haɗiyar ibuprofen da danginsa don ka danne ciwo ka ci gaba, domin in jiki ya bushe suna wahalar da ƙoda. Sannan in fitsarinka ya koma baƙi-baƙi, ga ciwon tsoka mai tsanani, ka nemi ma'aikatan lafiyar tafiyar nan take. Mai hawan jini, ciwon sikari, ciwon zuciya ko asma ya ga likitansa tun yanzu, kuma ya rubuta gaskiya a fom ɗin lafiya.

Maryam S.

Akwai abin da kunya ke hana a faɗa, kuma shi ya fi sauke mutane daga keke fiye da gajiyar ƙafa: mazauni. Yaya Nasiru, ka nemi wandon keke mai soso, guda biyu aƙalla, kuma ba a sa ɗan kamfai a ƙarƙashinsa, don ɗinkinsa ne ke goge fata. Wanda yake son suturta jikinsa sai ya ɗora wando mai faɗi a sama, mata da maza da yawa haka muke yi, sai dai a ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. Da ka isa masauki, kafin hira, kafin waya, ka cire wandon ka yi wanka. Zama cikin jiƙaƙƙen wando awa ɗaya bayan an sauka shi ke kawo ƙuraje da maruru. Ka wanke shi a daren, ka shimfiɗa shi a kan tawul, ka naɗe su tare, ka taka da ƙafa ruwan ya fita, sannan ka rataye. Gobe ka sa ɗayan.

Hannu ma haka. In ka ga ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara mutuwa, jijiyar da ta bi ta tafin hannu ce ka danne. Ka riƙa canza wurin riƙo, ka sa safar hannu mai soso, kada ka ƙame gwiwar hannu.

Kabiru mai gyaran keke

Ni na sha bin irin waɗannan tafiye-tafiye a motar gyara. Doka ɗaya nake da ita: kada ka zo da sabon abu. Sabon sirdi, sabon takalmi, sabon wando, duk a gwada su tun da sauran wata guda. Tsayin sirdi ma a daidaita shi yanzu. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkace ba. In gaban gwiwa ke ciwo, yawanci sirdin ya yi ƙasa. In bayan gwiwa ne, ya yi sama. Kuma in za ka gyara, kaɗan-kaɗan, kada ka ɗaga shi da yawa lokaci guda.

Ka kai keken gyara mako biyu kafin tashi, ba ana gobe ba, don ka samu ka hau shi ka ji ko wani abu ya saki. A duba sarƙa, robar birki, wayoyin giya, da taya. A jikinka kuma ka ɗauki tiyub biyu, abin ɓare taya, famfo, kayan faci, da ƙaramin maɓallin nan mai baki da yawa. Ka koyi canza tiyub da hannunka, don mota na iya kasancewa can baya wajen wani.

Ga abin da nake gani kullum. Mutum ya yi faci, ya zare tsohon tiyub, ya zura sabo, ya buga iska, ya tafi. Bai yi kilomita biyu ba sai ga shi a gefen hanya kuma. Me ya faru? Ƙwalbar da ta huda na farko tana nan maƙale a taya. Kafin ka sa sabo, ka juya bakin tayar, ka bi cikinta da ɗan yatsa a hankali har ka zagayo. Za ka ji ɗan tsini, wani lokaci bai kai ƙwayar yashi biyu ba. Ka matse robar daga waje bakin ramin ya buɗe, ka ciro shi da farce. Minti ɗaya ne, amma ya fi ka zauna kana jirana ba tiyub a hannu.

Sani G.

Ni abin da ke damuna daban ne. Duk wanda ya shiga irin wannan sai ka ga hotuna a Facebook safe da yamma, ga ni a kan keke, ga ni na gaji don marasa lafiya. Ina tsoron riya a ciki. Alherin da aka yi a ɓoye bai fi ba?

Baba Ɗanjuma

Malam Sani, tsoron nan naka mai kyau ne, kowa ya riƙa bincikar zuciyarsa. Amma ka lura, nan ba sadakarsa yake tallatawa ba, kira yake yi wasu su bayar, kira kuwa ba a yin sa a ɓoye. Abin da ya ciro daga aljihunsa yana iya rufewa tsakaninsa da Mahaliccinsa. A 2017 wasu Musulmi daga Landan sun hau keke suka nufi Madina gabanin aikin Hajji, suna tara wa mutanen Siriya kuɗin taimakon lafiya. Da sun yi shiru, wa zai san da su balle ya bayar? Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, in na duba rubutun mahayi, wa ya fi fitowa, shi ko asibitin? In kullum fuskarsa ce da kekensa, to akwai gyara.

Sani G.

Na karɓi wannan, Baba, ko da yake har yanzu ina ganin hotunan sun yi yawa.

Auwal Y.

Ni fa maganar motar da ke bin baya ce ban gane ba. Mutane sun ba ka kuɗi a kan za ka yi tafiyar nan da ƙafarka. Ka gaji a rana ta uku ka shige mota, ka sauka kusa da ƙarshe ka karɓi lambar yabo. Wannan ai cin amana ne. In ka san ba za ka iya ba, kada ka fara.

Dakta Zainab

Auwal, irin wannan magana ce ke sa mutum ya ci gaba da tafiya yana ganin hanya bibbiyu. Ka yi tunanin mahayin da jiri ya kama a gangara, a tsakiyar mutum ashirin, taya kusa da taya. In ya faɗi ba shi kaɗai zai faɗi ba. Wanda zafi ya buge har ya fara magana ba kai, ba shi ne zai yanke wa kansa hukunci ba, na kusa da shi ne za su tsayar da shi. Motar nan an tanade ta ne don haka. Babu wani mai ba da tallafi mai hankali da zai so a cika gadon asibiti da mahayi saboda a tara wa asibiti kuɗi.

Auwal Y.

Dakta, ban ce mara lafiya ya kashe kansa ba. Ina maganar wanda bai yi atisaye ba, ya zo da niyyar mota ta ɗauke masa rabi.

Malam Isyaku

A nan Auwal na da gaskiya ta wani gefe. Ya danganta da yadda aka yi alkawari. In mutum ya ce zan ba ka kaza a kan kowace kilomita, to kilomitar da ka yi a mota ba ta cikin lissafi, sai ka gaya masa ya zaɓa. In kuwa kyauta ya bayar don asibiti, ba ruwansa da ƙafarka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a hau mota a dawo a ce an gama duka.

Maryam S.

Wannan daidai ne. Kuma yawanci wanda ya shiga mota da yamma, ya ci ya sha ya yi barci, gobe sai ka gan shi a kan kekensa har ƙarshe. Wanda ya dage ne kan rasa sauran kwanakin gaba ɗaya.

Yaya Nasiru, abin da zai rage maka buƙatar motar shi ne koyon tafiya cikin ayari. Wanda ke bayan wani yana samun sauƙin iska, har kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa yake adanawa a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Amma yana da ƙa'ida. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka, don in ya ɗan kauce kai ne a ƙasa. Kada ka danne birki kwatsam. In ka ga rami ka nuna da hannu ka faɗa da baki, na baya ba sa ganin hanya, bayanka suke gani. Ka nemi ƙungiyar mahaya ka fita da su tun yanzu, kada ranar tafiya ta zama ranar farko da za ka bi tayar wani.

Kabiru mai gyaran keke

In ƙara a kan gangara. A doguwar gangara kada ka riƙe birki ka yi ta ja, yana ɗaukar zafi ya rage kamawa. Ka matsa, ka saki, ka matsa, da hannu biyu, kuma ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. In an yi ruwa, ka ba na gabanka tazara fiye da yadda ka saba. Hular kwano kuwa ba sai an faɗa ba, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi a canza ta ko da ba a ga tsagewa ba.

Nasiru A.

Na rubuta wa masu shiryawar kamar yadda Hajiya ta ce, sun amsa. Tsarin da na shiga ashe irin na biyun ne, ana cire kuɗin masauki da abinci daga abin da na tara. Amma sun ce ina iya komawa ɗayan, in biya hidimata da kaina. Zai yi mini nauyi, sai dai na fi son in iya kallon mutum in ce masa duk abin da ya bayar asibiti zai je. Na ce su mayar da ni can. Saura yadda zan roƙi jama'a, don ni bakina nauyi gare shi wajen roƙo.

Hajiya Rabi

Madalla, ƙanena. Ba wa kanka kake roƙa ba, ka cire wannan nauyin. Ka fara da makusanta, ɗaya bayan ɗaya, kowa da saƙonsa da sunansa. Saƙon da aka watsa wa mutum ɗari lokaci guda kowa na ɗauka da wani ake. Ka faɗi sunan asibitin, abin da za a yi da kuɗin kamar yadda su suka bayyana, da cewa kai ka biya kuɗin tafiyarka. Kada ka ƙara gishiri a labarin yaran, kuma kada ka sa hoton yaron kowa ba da izinin iyayensa ba. Kuɗin ya bi ta shafin da masu shiryawa suka buɗe ko asusun ƙungiyar, kada ya kwana a asusunka. In dattijo ya ba ka a hannu, ka zuba a ranar ka tura masa shaida.

Mutane da yawa za su ce to, su manta. Ba ƙi suka yi ba. Ka tuna musu sau ɗaya ana saura mako guda, sannan a lokacin tafiyar kanta, domin a kwanakin ne hannu ya fi sakuwa. Bayan ka dawo, kafin mako biyu, kowa ya samu godiyarsa da jimillar abin da aka tara. In ka shiga mota a wani wuri, ka faɗa a cikin saƙon.

Malam Isyaku

Tunda ka ɗauki hidimarka a kanka, turo mini shafin, zan sa nawa. Amma Hajiya, da sauran magana ɗaya. Kuɗi ya isa ƙungiya ba shi ne ya isa gadon yaro ba, ita ma ƙungiyar tana da nata albashin da hayar ofis. Nasiru, ka tambaye su rahoton kuɗinsu na bara, wanda masu binciken kuɗi na waje suka sa wa hannu. In ƙungiya ce mai rajista, ya kamata ya kasance a fili. Ka ɗora mana shi nan mu duba tare kafin ka fara tura wa mutane saƙo.